Daga Inabin Hunkuyi Zuwa Ruwan Wikki: Yadda Ake Tafiyar Sauke Gajiya

Idan mutum ya saɓi jaka a Tudun Wada ta Zariya ya ce zai yi tafiya, tambayar maƙwabta ba ta wuce uku: biki ne, rasuwa aka yi, ko asibiti za a kai wani? Wanda ya ce hutawa zai je yi, sai an sake dubansa. Mun saba da tafiyar da ke ƙara wa jiki gajiya, ba mu saba da wadda ke sauke ta ba. Alhali ga telan da ya shekara ashirin a duƙe kan keken ɗinki a bakin kasuwa, ga malamar firamaren da ke wuni a tsaye, ga mai Keke Napep da ke kai-komo tsakanin Agoro da Kwangila tun asuba, ga kuma iyayenmu da gwiwa ta mayar da su yin salla a kan kujera. Kowannensu jikinsa na bin sa bashi. Ƙwayar kashe zafin ciwo da ake saye a kemis ba ta biyan wannan bashi, ranar biya kawai take ɗagawa.

A Turai akwai garuruwan da ruwan ɗumi ne ya kafa su. Baden-Baden da ke kudu maso yammacin Jamus na cikinsu. Ruwa ne ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa, zafin wasu idanun ya haura digiri 60, Rumawa suka gina wuraren wanka a kansa kusan shekara 2,000 da suka wuce, a 2021 kuma hukumar UNESCO ta sa garin cikin garuruwan wanka 11 na Turai da ta ɗauka a matsayin kayan tarihin duniya. Tuddan da ke gefensa gonakin inabi ne. A Merano, arewacin Italiya, har al'ada gare su ta zuwa da kaka a yi kwanaki ana cin inabi sabon tsinka, ana tattaki a gindin duwatsu. Likita a Jamus yakan tura mai ciwon gaɓoɓi irin wannan gari ya yi mako uku, kamar yadda zai rubuta masa magani. Gaskiya ne mafi yawan inabin waɗancan wurare giya ake yi da shi, wannan kuwa ba hanyarmu ba ce. To amma a ture giyar gefe a duba abin da ya rage: ruwan ɗumi, ɗanyun 'ya'yan itace, iska mai kyau, tafiyar ƙasa, barci da wuri. Duk halal ne, kuma ba sai da biza ake samun su ba.

Inabi na nan a bayan gidanmu, a ƙaramar hukumar Kudan. Ruwan ɗumi na Wikki, cikin gandun dajin Yankari a jihar Bauchi, tafiyar wuni guda. Na haɗa su a tafiya ɗaya shekarar da na kai Hajiyarmu, wadda gwiwa ta daɗe tana damu, kuma tsarin da na ga ya yi mana amfani shi zan shimfiɗa a nan.

Lokacin da ya dace

Ruwan Wikki ba ya sauya ɗuminsa. Digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Iskar da ke kansa ce ke sauyawa. A tsakiyar hunturu, lokacin da sanyin asuba ke sa mutum jinkirin taɓa buta, shiga ruwan kamar shiga bargo ne, har tururi za ka gani yana tashi a kansa da sassafe. A Maris da Afrilu kuwa, idan rana ta take, wannan ruwan dai shi ne zai sanyaya maka jiki. Mai tafiya da tsoho, ni ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu nake zaɓa masa, sanyi ya fara sassautawa, zafi bai kankama ba. Wanda ganin namun daji ke gabansa ya jinkirta zuwa Maris, lokacin da ciyawa ta bushe, kududdufai suka ƙafe, dabbobi suka koma shan ruwa a bakin kogin Gaji.

Kauce wa bukukuwan Salla da Kirsimeti da sabuwar shekara. Wurin kan cika maƙil, ɗakuna su ƙare, ruwan ya zama filin wasan samari. Ƙarshen mako ma ɗalibai kan zo yawon buɗe ido bas-bas. Daga Litinin zuwa Alhamis ne za ka ji kukan tsuntsaye a bakin ruwan. Kuma kada kwanan ya gaza biyu a cikin dajin, uku ya fi. Wanda ya je ya kwana ɗaya ya juyo, gajiyar hanya kawai ya je ya ƙaro.

Safiya a gonar inabi

Ana gobe tafiya, ka ware safiya domin gona. Hunkuyi, hedikwatar Kudan, tana arewa da Zariya, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Tun da daɗewa an san yankin da rake da tumatir. Inabi daga baya ya shigo, ƙasar kuma ta karɓe shi, har yanzu ana ɗaukar sa zuwa manyan birane. Sai dai gona ba kasuwa ba ce da za ka faɗa kai tsaye. Masu sayar da kayan marmari a Tudun Wada da Sabon Gari sun san manoman da suke saro kaya a wurinsu. Ka nemi ɗaya ya haɗa ka da mai gona, ka kira shi tun da sauran mako biyu, shi zai gaya maka makon da zai yanka, sai ka ɗora ranar tafiyarka a kai.

Dalilin tambayar shi ne, a ƙasar sanyi itacen inabi kan kaɗe ganye ya kwanta da hunturu, ya farka da kansa. A ƙasar zafi irin tamu ba ya kwanciya, manomi ne ke sa masa lokaci ta hanyar datse rassa. Daga datsa zuwa nuna wajen wata huɗu ne, kuma ana auna ta yadda nunar za ta faɗo cikin rani, domin ruwan sama na fasa 'ya'yan, laima kuma na kawo fumfuna. Shi ya sa gona biyu maƙwabtan juna za ka tarar ɗaya ana yanka, ɗaya ko fure bai gama zuba ba.

Shiga ƙarƙashin rumfar inabi da hantsi shi kansa rabin hutu ne. Turaku ne a jere, an ja waya a kansu sama da tsayin mutum kaɗan, ganye ya rufe sama ruf, rana na tsiyayowa ta tsakaninsa ɗigo-ɗigo, nonnan inabi na reto daidai goshinka. Hajiya ta miƙa hannu za ta tsinka, dattijon mai gonar ya matso da almakashinsa.

"Hajiya, a yi haƙuri, ba a jan sa da hannu," in ji shi. "Ta kara ake riƙewa a yanke. Farar ƙurar nan da ke jikinsa ba datti ba ce, rigarsa ce. In aka goge ta, ba ya jimawa."

Na ce, "Baba, yaushe aka yi feshi na ƙarshe?"

Bai ji haushi ba, ya lissafa mini kwanakin da yatsunsa. Kai ma ka tambaya. Manomin kirki ya san akwai tazarar da ake bari tsakanin feshin magani da yanka, kuma ba ya ƙin faɗa.

Inabi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne da za ka sayo ɗanye ya nuna a gida. Yadda aka yanke shi haka zai zauna, zaƙinsa ba ya ƙaruwa. Saboda haka sai an ɗanɗana, kuma ƙwayar da ke can ƙasan nonon ake ɗanɗanawa, domin ita ce ke zuwa ƙarshe wajen nuna. Idan ta yi zaƙi, na sama sun riga ta. Ka duba karan, kore shar mai danshi ake so. Ka ɗan girgiza nonon a hankali, idan 'ya'ya na zubowa to ya kwana biyu. Kada a wanke sai za a ci. Kada a cusa a leda, a jera a kwali mai faɗi, ko a kula da ƙanƙarar da aka naɗe a tsumma yadda ruwa ba zai taɓa shi ba. Kilo uku ko huɗu sun ishi iyali mai mutum biyar kwana uku. A kowane giram 100 na inabi akwai suga wajen giram 16, don haka mai ciwon suga ya tsaya a 'yan ƙwayoyi bayan abinci. Yaron da bai kai shekara biyar ba kuwa a tsaga masa kowace ƙwaya a tsaye, domin girmanta daidai yake da maƙogwaronsa, tana iya shaƙe shi.

Hanya

Daga Tudun Wada zuwa sansanin Wikki ya doshi kilomita 500. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Kongo a miƙe tsohuwar hanyar Jos: Maigana, Soba, Pambeguwa, Saminaka, Jengre, a shiga Jos, a gangara ta ƙasar Toro zuwa Bauchi. Akwai kuma ta Kano, Wudil, Birnin Kudu da Ningi. Wadda za ka bi, direbobin tasha ne za su gaya maka ana gobe tafiya, su da ke bin ta kullum suka san inda kwalta ta lalace da inda hankali bai kwanta ba. Ka kira masaukin Yankari ma ka kama ɗaki, ka tambayi halin da yankin ke ciki a makon. A tashi da an idar da sallar asuba, kuma kada a yi tafiyar dare ko da wane dalili.

Idan da tsoho a motar, a kwana a Bauchi. Babu amfanin a kai shi bakin ruwa ƙafafunsa sun kumbura saboda zama. Da yamma a ziyarci kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan Nijeriya da aka kashe a Janairun 1966, a yi masa addu'a. Da safe a cika tanki, a sayi ruwan sha da burodi, a kama hanyar Gombe. Wajen kilomita 40 za a kai Dindima, a karya dama, a yi kilomita 29 zuwa ƙauyen Mainamaji a ƙaramar hukumar Alkaleri, inda babbar ƙofar take. Wanda ba shi da mota ya hau ta haya zuwa Bauchi, daga nan ya ɗauki shata, su yi magana da direban kan ranar da zai dawo ɗaukar su. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba matafiyi ne har ya dawo.

A jaka a sa tawul biyu ga kowa, silifas mai kama ƙasa, tocila, maganin sauro na shafawa, man kaɗanya, tabarma, filas, da duk maganin da likita ya ɗora mutum a kai. A riƙe tsabar kuɗi, domin a ƙofa ana biyan na shiga da na mota, sabis ɗin waya kuma ba abin dogaro ba ne a daji. Kayan sawa su zama masu dogon hannu, farare ko ruwan ƙasa. Ƙudan tsando na dajin, shuɗi da baƙi kuwa su ke janyo shi.

Daga ƙofa zuwa sansani akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai, duk cikin daji. A nan ya kamata direba ya sassauta ƙafa, a sauke gilashi. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a Disambar 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Sunan Wikki ya zaga ƙasar nan ta dalilin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists, amma da yawa cikin masu kiran sunan ba su taɓa ganin ruwan da aka ara sunan daga gare shi ba.

Yadda ake shiga ruwan

Daga sansani matakala ce mai ɗan tsawo ke gangarawa cikin kwari. Ga mai ciwon gwiwa nan ne wahalar take, don haka a riƙe masa hannu, a bar shi ya huta a tsakiya, a kuma sauko da tabarma da filas da kwanon inabi gaba ɗaya, yadda in an sauka za a jima. Kana kai ƙasa za ka ga wani jan dutse a tsaye kamar bango, itatuwa sun yi masa rumfa, ruwa na fitowa daga gindinsa ba ƙara ba kumfa. Garai-garai yake, ga farin yashi a ƙasa, kana tsaye a ciki kana ƙirga yatsun ƙafarka. Faɗinsa wajen mita 13, tsawon wurin wankan wajen mita 200, kuma a kowace rana lita miliyan 21 ke fita daga idon ta gangara kogin Gaji. Wannan gudu shi ke sa ruwan da ka tarar da safe ba shi ne za ka tarar da yamma ba.

Ɗumin ba na wuta ba ne, ba kuma na aljanu ba, kamar yadda na ji wani yana gaya wa 'ya'yansa. Ruwan sama ne ke nutsewa cikin dutsen yashi ya yi zurfi. Cikin ƙasa kuwa, duk kilomita ɗaya da aka nutsa zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Ruwan ya ɗau ɗumi a can, ya samu tsaga ya fito. Ikon Allah ne da ake iya aunawa da ma'auni.

Hajiya da ta ga ruwan sai ta ja baya. "Ni da tsufana in shiga rafi kamar yarinya?" Ƙanwata ta ce, "Hajiya, ƙafa kawai za ki sa." Da ƙafar aka fara, kuma haka ya kamata kowa ya fara. A bar awa guda bayan cin abinci. A zauna a baki a zura ƙafafu minti biyar. Sannan a shiga zuwa ƙugu, a tsaya jiki ya saba, sannan zuwa ƙirji. Kusa da dutsen akwai zurfin da ya kusa mita 2, ya shanye dogon mutum, saboda haka wanda bai iya iyo ba da yara su yi ƙasa inda ruwan ya faɗaɗa ya yi sauƙi. Ko a can ma kada a ɗauke ido daga yaro ko na ƙiftawa.

Amfanin ruwan ga gaɓoɓi a nauyi yake. Mutum in ya shiga zuwa ƙugu, ƙafafunsa rabin nauyinsa kawai suke ɗauka. In ya kai wuya, abin da ya rage musu bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Gwiwar da ta shekara tana ɗaukar kilo 80 sai ta ji kamar takwas aka ɗora mata, ɗumin kuma ya saki jijiyoyin da suka ɗaure. To a wannan hali ake motsa ta. A yi tafiya a hankali ana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, taku ashirin a juyo. A dafa baki a ɗaga gwiwa ɗaya zuwa ciki, a sauke, a ɗaga ɗayar, sau goma-goma. A nutsa kafaɗu a juya su gaba da baya. Mai ciwon baya ya kwanta rigingine a kan ruwa, wani ya tallafe masa ƙeya da tafin hannu, ya saki jiki yana kallon ganyen da ke sama. Mai kaushi da faso ya murza dugadugansa a yashin ƙasa. Duk motsin da ya kawo zafi a bar shi.

Shigar farko kada ta wuce minti 20. Digiri 31 bai kai ɗumin jikin mutum ba, wanda yake 37, don haka ruwan ba ya ƙona fata, ba ya sa bugun zuciya irin na ruwa mai tsananin zafi, amma idan aka daɗe ainun jiki zai fara jin sanyi, musamman na tsoho da na yaro. Daga rana ta biyu ana iya kai wa minti 40. Sau biyu a wuni ya isa, da hantsi da kuma bayan la'asar.

Fita ta fi shiga buƙatar kula. Nauyin da ruwa ya ɗauke zai dawo gaba ɗaya, jinin da ya taru a ƙirji zai koma ƙafafu, wani sai jiri ya ɗebe shi. A fito mataki-mataki kamar yadda aka shiga, a zauna a baki kafin a miƙe. Tawul ya kasance a hannun wani yana jira, domin iskar hunturu a jiƙaƙƙen jiki sanyi take sa wa mutum. Zama cikin ruwa na sa yawan fitsari, saboda haka a sha ruwa kofi biyu ko ba a jin ƙishi. Nan ne wurin inabin: a wanke nono ɗaya da ruwan gora, a ci a kan tabarma, ruwa ne da zaƙi a haɗe. Sai a shafa man kaɗanya a gwiwa da ƙafa da baya tun fata na da laushi, a yi tausa a hankali, a kishingiɗa rabin awa. Wannan kishingiɗar ba ɓata lokaci ba ce, cikin aikin take. Mutane da yawa daga ruwa sai mota, daga mota sai yawo, sannan su ce ba su ji komai ba.

Hajiya ba ta warke daga ciwon gwiwa ba, kuma ba wanda ya yi mata alƙawarin haka. Amma a dare na biyu ta yi barci tun daga isha'i har kiran asalatu ba ta farka neman a matsa mata ƙafa ba, abin da ta daɗe ba ta samu ba. Da gari ya waye ita ce ta fara cewa, "Ku tashi mu sauka tun mutane ba su taru ba."

Maganar mata

Ruwan a buɗe yake, babu katanga tsakanin maza da mata, kuma wannan ne ke hana iyalai da yawa zuwa. Akwai dabara. A sauka da sassafe bayan gari ya yi haske, a ranar aiki, lokacin da galibi ba kowa. Mata su yi can ƙasa, namijin da ya rako su ya zauna a wajen matakala, idan wasu maza sun sauko ya roƙe su da ladabi su tsaya ta sama. Ban ga wanda ya ƙi ba. Sutura kuwa dogon wando ne da riga mai dogon hannu, masu duhu kaɗan kuma marasa shara-shara, da ƙaramin hijabi mai tsayawa a ƙirji. Kada a shiga da zane ko babban hijabi har ƙasa. Idan suka jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, ko su tashi su rufe fuska. A ajiye babban hijabin a baki, ana fitowa a zura.

Birai, da sauran mazauna dajin

Manyan biran nan da ake kira bika ko gogo sun saba da mutane a sansanin, sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake tura ƙofar da ba a kulle ba. A gabana ɗaya ya fizge ledar burodi daga hannun wata yarinya, ta faɗi ta kurje gwiwa. Kada a ba su abinci, kada a bar yaro ya riƙe abin ci a fili, a kulle ɗaki da tagogi da mota ko da minti ɗaya za a yi. Kwanon inabi a bakin ruwa ya kasance a rufe, wani na zaune kusa da shi. Idan biri ya riga ya ɗauka a bar masa, haƙoransa ba na wasa ba ne. Cizo ko yaƙushi kuwa a wanke da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a nufi asibiti. Gadu ma na kiwo a tsakanin ɗakuna, ba ya kula kowa in ba a matsa masa ba.

Zagayen daji ana yin sa da safe da yamma, a motar gandun ko a taka tare da jagora, ba a shiga ba jagora. Sau ɗaya ya isa ga wanda hutu ya kawo shi, domin hanyar na da girgiza. Za a ga gwambaza da mazo, wataƙila ɓauna da gwanki, dorina da kada a kogin Gaji, da tsuntsaye da aka ƙirga sama da iri 350. Giwayen Yankari na cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, amma ganin su sai an dace. Mai sha'awar tarihi ya nemi a kai shi kogunan Marshall, ɗakuna 59 waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey. Akwai kuma ɗan gidan tarihi a sansanin, inda aka ajiye hauren giwa da fatu da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta.

Abinci a sauƙaƙa shi, a ci na dare da wuri. Waya a ajiye ta a jaka, a ware mata lokaci ɗaya a wuni don gaida gida. Bayan isha'i a shafa maganin sauro a kwanta.

Waɗanda za su yi hattara

Ruwan ɗumi na rage ciwo, yana kawo barci, amma ba ya maganin hawan jini ko ciwon suga, kuma kada wanda ya ajiye ƙwayoyinsa saboda ya yi wanka a Wikki. Mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, da mai ciki su ga likita kafin a tashi, kuma ko an yarda musu kada su shiga su kaɗai. Mai zazzaɓi, mai gudawa, da mai ɗanyen rauni ko gyambo su haƙura da shiga, don kansu da don sauran jama'a. Kada a yi nutso ana shaƙar ruwan ta hanci, kada kuma a sha.

Wanda ya ɗanɗana ya ji daɗi, akwai wasu. Akwai Ruwan Zafi a Lamurde ta jihar Adamawa, akwai Ikogosi a jihar Ekiti inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa, 'yan uwanmu na Nijar kuma sun daɗe suna zuwa Tafadek a arewacin Agadas neman sauƙin ciwon jiki. Na Tafadek da na Lamurde sun fi Wikki zafi sosai, don haka ƙa'idar minti 40 ba ta aiki a can.

Roƙona ga duk wanda zai je: kada a shiga da sabulu ko omo, kada a yi wanki, kada a bar yaro ya yi fitsari a ciki, domin ta fitsarin mai cutar ne tsargiya ke shiga ruwa. Ledar ruwa da gorar lemo da karan inabi a tattara a hau da su sama. Ruwan da ya wuce ka giwa da gwambaza ne za su sha shi a ƙasa. Ranar komawa a yi wankan ƙarshe da sassafe, a bar sansani kafin ƙarfe takwas, domin a shigo Zariya da sauran rana.